Ƴaƴanmu na buga wasan bidiyo, yaushe za su fara ƙera shi?

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, ba fadar da za ka zauna ba ka ga matashi ya duƙufa kan waya yana buga wasa ba. Iyaye na ta faɗa, wai ɓata lokaci ne. Ni a ganina faɗan kaɗai ba zai kai mu ko'ina ba. Gara mu nuna musu yadda ake ƙera abin.

Ɗan hoton nan da ke gudu yana tsalle a wasa, shi ake kira sifirayit. Mai zane yakan zana mutum ɗaya sau shida ko takwas, kowane zane ƙafa ta ɗan gusa, ya jera su a faifai guda. Injin wasa kuma manhaja ce da ke nuna zanen ɗaya bayan ɗaya da sauri har ido ya ga tafiya. Ita ke ɗora shi bisa hoton fili, ita ke gane in ya yi karo da bango ko abokin gaba.

Wannan aiki bai buƙatar babbar kwamfuta. Super Mario Bros. na 1985 duka-duka kilobayit 40 ne, bai kai hoto ɗaya na WhatsApp ba. Na'urar Nintendo ta lokacin sifirayit 64 kawai take iya nunawa, takwas a layi guda. Don tsimi, gajimare da ciyayin wasan zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Tsohuwar kwamfutar da ke ajiye a ofis ta fi waccan na'ura ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai dai a kula wajen zaɓen inji. A 2023 kamfanin Unity ya ce zai riƙa karɓar kuɗi duk lokacin da aka sauke wasan da aka yi da injinsa. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin ya janye. Kayan aro ba ya rufe katara. Godot, wanda ƴan Ajantina biyu suka fara, kyauta ne tun 2014, kuma in ka sauke shi yana aiki ba intanet. GDevelop ma kyauta ne, akwai shi da Faransanci, mai koyo na iya farawa bai rubuta lambobin manhaja ba.

Wani zai ce wa zai saya? Gaskiya kasuwar ba ta da sauƙi. Amma a Yawunde, Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, da irin wannan zane, har ya shiga kasuwar duniya. Ko yaro bai sayar ba, ya koyi lissafi, zane da tsara manhaja.

Labari kuwa muna da shi: kokowar takobi, langa, Gizo da Ƙoƙi. Malaman lakwal da masu gidajen kwamfuta, ku ware awa biyu ran Asabar, ku sauke injin sau ɗaya ku raba wa yara a kile. Me kuka gani? Muna jiran ra'ayinku.