Zazzaɓin Lassa A Bauchi: Akwai Majinyata, Ina Masu Bincike?

BAUCHI — Kowace shekara da an gama kaka, hunturu ya kankama, sai ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa su shiga shirin karɓar masu zazzaɓin Lassa. Daga Disamba zuwa wajen Afrilu ne cutar ta fi tsanani, watau lokacin da ɓeraye kan baro daji su faɗa gidaje da rumbuna neman abinci. Lissafin NCDC, hukumar Tarayya mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, ya nuna cewa cikin 2024 an tabbatar da cutar a jikin mutum 1,309 a ƙasar nan, 214 daga cikinsu suka rasu. Jihohi uku ne suka ɗauki mafi yawan wannan adadi, Ondo da Edo da Bauchi.

Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai. Lokacin nan ne ake yawan zuwa ganin gida da bukukuwan aure, ga shi kuma cutar takan ɓuya a jiki daga kwana 6 zuwa 21 kafin ta bayyana. Mutum yana iya hawa mota a Bauchi lafiya lau, sai ya sauka Agege ko Sabon Badun sa'an nan jiki ya yi zafi. Da yake tana farawa kamar zazzaɓin cizon sauro, kemis ake fara zuwa, ba a tuna asibiti sai abu ya yi nisa. Waɗansu da suka warke ma sukan tashi da kurumta.

Fiye da shekara hamsin ke nan da gano wannan cuta, amma har yanzu ba ta da allurar rigakafin da aka amince da ita. Maganin da ake ba majinyata, ribavirin, ya dogara ne a kan wani bincike da aka yi a Saliyo aka buga cikin 1986, yau kuwa masana da yawa suna tantamar ƙarfin hujjarsa. To, wa ya kamata ya zauna ya warware wannan?

DAGA LASSA ZUWA AMURKA

A garin Lassa aka fara ganin cutar cikin Janairu 1969. A wancan zamani Lassa da Bauchi jiha ɗaya suke, Jihar Arewa Maso Gabas. Wata nas ta 'yan mishan, Laura Wine, ta kamu, aka kai ta asibitin mishan na Jos, can ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, aka ɗauke ta a jirgi zuwa New York, aka aika da jininta Jami'ar Yale, inda aka ware ƙwayar cutar aka raɗa mata sunan garin. Ɗaya daga masu aikin, Dokta Jordi Casals, ya kamu, da ƙyar ya sha bayan an ƙara masa ruwan jinin Pinneo. Cikin 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos, ta kashe Dokta Jeanette Troup wadda ta yanke a yatsa tana binciken gawa.

Abin lura shi ne, shi Casals ya yi shekaru yana sanin makamar aiki a Cibiyar Rockefeller ta New York. Wannan wuri ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin irinsa ne babu a Arewa.

John D. Rockefeller attajirin man fetur ne, kuma ba a yabe shi da sauƙin hali a kasuwa ba, har sai da kotu ta wargaza kamfaninsa na Standard Oil cikin 1911 saboda babakere. Mai ba shi shawara, wani fasto mai suna Frederick Gates, ya karanta wani babban littafin likitanci cikin 1897, ya ga ashe cututtukan da likitoci suka san maganinsu 'yan kaɗan ne. Farkon 1901 jikan attajirin ya mutu da wani zazzaɓin yara, cikin wannan shekara kuwa aka kafa cibiyar. Da dala 200,000 aka fara, a kan za a kashe su cikin shekara goma. Shugabanta na farko, Simon Flexner, shi ya haɗa wani maganin sanƙarau na allura wanda ya rage mace-mace tun ba a san penisilin ba. Cikin 1910 aka buɗe ɗan ƙaramin asibiti a harabar, inda ake kwantar da masu cututtukan da ake bincike a kansu, ba a karɓar ko kwabo daga hannunsu.

Haƙurin wurin shi ne abin mamaki. Peyton Rous ya nuna cikin 1911 cewa ƙwayar cuta na iya haddasa ciwon daji a jikin kaza. Ba a ba shi kyautar Nobel ba sai 1966, bayan shekara 55. Cikin 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa biyu suka tabbatar cewa sinadarin DNA ne ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye zuwa 'ya'ya. Duk na'urar da ake gwada jinin mai Lassa da ita yau a Bauchi, a kan wannan sani ta tsaya.

Sai cikin 1955 cibiyar ta ɗauki ɗalibai, sai 1965 ta amsa sunan jami'a. Har gobe ba ta koyar da digirin farko. Tana da ɗakunan bincike wajen 70, ɗalibanta 'yan ɗaruruwa ne masu neman digirin dokta, ba sa biyan kuɗin makaranta, su ma ake biya. Masananta 26 sun sami kyautar Nobel.

Mazauna Ikko suna wuce wani reshe na wannan tarihi kullum ba tare da sun sani ba. Cikin 1925 Gidauniyar Rockefeller, wadda dabam take da cibiyar amma aljihu ɗaya ya haife su, ta kafa sansanin binciken ciwon shawara a Yaba. Masani Adrian Stokes ya mutu da cutar a Ikko cikin 1927, Hideyo Noguchi na cibiyar New York ya mutu da ita a Akra cikin 1928. Daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi aka samo ƙwayar da Max Theiler ya sarrafa ta zama rigakafi cikin 1937, ita ce allurar da ake yi wa matafiya a ba su katin nan mai ruwan ɗorawa. Cibiyar Binciken Likitanci ta Nijeriya da ke Yaba daga wannan tushe ta taso.

ABIN DA KE HANNU A BAUCHI

Ba a ce Bauchi ba ta da komai ba. An kafa jami'arta cikin 1980 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, aka maƙala ta ga Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta cikin 1988 da sunan marigayi Firayim Minista. Daga baya aka ƙara mata koyar da likitanci, tsohon Asibitin Ƙwararru na jiha kuma ya koma asibitin koyarwa a hannun Gwamnatin Tarayya. Da can, sai an aika da jinin wanda ake zato zuwa Irrua ko Ikko, a zauna jira kwana da kwanaki. Yanzu akwai ɗakin gwaji a asibitin, akwai kuma sashen keɓe majinyata wanda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shigo ta tallafa wa cikin 2022. Bugu da ƙari, cikin 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa jami'ar kimiyyar lafiya a Azare.

To, amma fa koyar da likita dabam, raino mai bincike dabam. Likitan da ya wuni yana duba layin marasa lafiya, ya shiga aji, ya kwana a kan kira, yaushe zai zauna ya bi diddigin ƙwayar cuta shekara goma? Ga ɗaukewar wuta wadda kan lalata abin da aka adana a firiza, ga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in Tarayya wata takwas, ga Saudiyya da Ingila suna zawarcin duk wanda ya ƙware. Can New York sai da aka yi shekara 64 ana aiki kafin a rubuta jami'a a bakin ƙofa. A ƙasar nan kuwa da ƙofa da allon suna ake farawa, daga baya a shiga cigiyar malamai.

Ba sai an je Amurka neman misali ba. Asibitin Irrua a Jihar Edo ya kafa cibiyar Lassa cikin 2007, ya ƙulla zumunci da masanan Hamburg ta Jamus, yau duk duniya in ana maganar cutar sai an ambace shi. A Ede ta Jihar Osun, cibiyar da Farfesa Christian Happi ke shugabanta a Jami'ar Redeemer's tana horar da masu digiri na biyu da na uku, ita ce kuma cikin Maris 2020 ta fara karanta tsarin halittar ƙwayar korona a Afirka. Dukansu da 'yan mutane kaɗan suka fara.

Bauchi kuwa tana da tambayoyin da ba mai amsa su daga Edo. Masana sun gano cewa jinsin ƙwayar Lassa da ke yawo a ɓangaren Jos da Bauchi ya sha bamban da na Kudu, saboda haka maganin da aka gwada can tilas a tabbatar yana aiki a nan. Haka nan yadda ake ajiye hatsi a rumbu, da shanya a gefen titi, da farautar ɓeraye da samari kan yi da rani, sai wanda ke zaune cikin jama'a yana jin harshensu zai iya auna wanne ya fi kawo cutar.

Abin da ake bukata bai kai sabuwar jami'a ba, kuma ya fi ta wuya. Masana huɗu ko biyar a asibitin koyarwa waɗanda za a rage wa nauyin aji da na kira, da ɗalibai 'yan kaɗan da ake biya su yi digirin dokta a kan cututtukan jihar, da wutar sola wadda ba ta yankewa, da kuɗin da ba ya jiran kasafin baɗi. Gwamnati na da nata kason, amma ya kamata a tuna wurin da aka ba da labarinsa ba gwamnati ta kafa shi ba. Arewa ba ta rasa attajirai ba, ƙungiyoyin 'yan Bauchi na Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal kuma sun saba tara kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiya a gida. Ɗaukar nauyin ɗalibi guda na shekara huɗu bai fi ƙarfinsu ba.

Lokaci ma ya matso. Cikin 2024 aka fara mataki na biyu na gwajin wata allurar rigakafin Lassa a Abuja. In ta tsallake, mataki na uku zai bukaci dubban mutane a wuraren da cutar ta fi kamari, masu gwajin kuma za su nufi asibitocin da ke da ingantaccen ɗakin gwaji, da rajistar majinyata mai tsabta, da ma'aikatan da suka iya aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirya asibiti ya kai wannan matsayi yakan ci shekaru, Irrua da Owo kuwa sun daɗe da fara nasu.