Barikin Zinderneuf, wanda ba a taɓa ginawa a Damagaram ba

A Ingila da Amurka da Faransa akwai wasu magidanta, cikinsu har da likitoci da malaman lakkwal da ƴan kasuwa, waɗanda in an tashi daga aiki sai su shige ɗaki su duƙufa a kan tebur da wuƙa da gam da fenti, suna gina gidaje da barikokin da tsayinsu bai wuce taƙi ɗaya ba. In gini ya kammala, sai su jera ƴan mutum-mutumin darma, su gayyato aboki, a gwabza yaƙi da ƙwayar caca mai fuska shida da ma'aunin tela. Abin ya daɗe. Tun 1824 hafsoshin ƙasar Purusiya ke koyon dabarun yaƙi a kan taswira da ƴan gutsattsarin ƙarfe, kuma a 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars, wanda ya shimfiɗa wa farar hula ƙa'idodin wasan.

Reshen da ya shafe mu yau shi ne na masu son zamanin da ke tsakanin yaƙunan duniya biyu, 1919 zuwa 1939. Su ba manyan rundunoni ke gabansu ba. Kowane ɗan wasa na riƙe da mutum biyar zuwa goma, filin kuwa sau da yawa bai wuce santimita 90 a kowane gefe ba. Labarunsu daga mujallun kwabo na Amurka suke ɗebo su, irin su Weird Tales da ta fara fitowa a 1923 da Doc Savage ta 1933, waɗanda ake bugawa a kan takarda mafi araha don talaka ya iya saye: ɗan sandan ciki da ƴan fashi, matuƙin jirgin sama da ya faɗo a daji, mai tonon kaburburan Misira.

Aikin hannun fa, jama'a, ya cancanci yabo. Tsayin mutum-mutumi milimita 28 ne, wato kimanin kashi ɗaya cikin 56 na mutum, kuma dole kome ya bi wannan awo. Ƙofa mai mita biyu ta koma santimita uku da rabi, katanga mai mita biyar ta koma santimita tara. Ana yanka bango daga farin kumfan roba mai tauri, ɗan'uwan wanda ke zuwa cikin kwalin firji, a shafe shi da farar ƙasa da aka kwaɓa da gam, a barbaɗa yashin da aka tankaɗe da rariya. Kwalin da aka ɓare wa fata ɗaya ya zama rufin kwano. A murɗa waya a naɗe ta da zare, ga kututturen dabino. Wurin fenti ne ake gane gwani: sai ya malala baƙin fenti mai ruwa-ruwa ya shige kowace tsaga, ya bari ya bushe, sannan ya tsoma buroshi cikin fari, ya goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ya shafa sama-sama. Nan take bangon da aka yanka jiya ya yi kamar ya sha damina hamsin. Yanzu akwai na'urar da ke zubo gini daga zanen kwamfuta, amma tsofaffin hannu na nan da wuƙarsu.

To, cikin gine-ginen da aka fi kwaikwaya akwai wani bariki mai suna Zinderneuf. Wanda ya yi lakkwal zai ji sunan ya ce ai sabuwar Zinder ke nan. Sai dai ko ka kewaye Birni da Zango da Sabon Gari har takalminka ya tsinke, ba ka ganinsa. Wani Bature ɗan Ingila, P. C. Wren, shi ya ƙaga shi cikin littafinsa Beau Geste na 1924, ya dasa shi a hamada arewa da Najeriya, ya cika shi da sojojin haya na Faransa, ya sa Abzinawa su kewaye shi. An yi silimar littafin a 1926, aka sake a 1939 da Gary Cooper, kuma duka biyun a rairayin da ke kusa da garin Yuma na Amurka aka kafa barikin. Wannan bariki na silima shi ne masu ginin tebur ke aunawa da milimita: katanga miƙaƙƙiya kamar ta siminti, hasumiya ɗaya, tuta mai launi uku. Ba tubali, ba azara, ba indararo, ba kaurin gindin nan da maginin ƙasa ke bai wa bango don ya tsaya. Hatta girman ma an rage: fili mai mita 60 zai ci fiye da mita ɗaya a wannan awo, ya cinye teburin duka, don haka sai a matse shi ya dawo santimita talatin ko arba'in.

Matse bariki bai dame ni ba, wasa ya gaji haka. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne yadda ake rabon suna. A yawancin ƙa'idodin wannan wasa, jarumi yana da sunansa da takardarsa, sai an same shi sau biyu ko uku kafin ya faɗi. Masu rawani kuwa gungu ne, harbi ɗaya a kwashe mutum a mayar cikin kwali. Alhali kewaye bariki na gaskiya ya auku a ƙasar nan, kuma masu shi suna da sunaye. Daga Disamba 1916 zuwa farkon Maris 1917, Kawsan, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya tsare sojojin Faransa cikin barikinsu na Agadas, da bindigogin zamani a hannun mutanensa, har sai da rundunar ceto ta taso daga Damagaram. Waɗanda ke bayan katangar ma galibinsu tirayer ne baƙar fata, hafsoshi kaɗai ne Turawa. Abin da ya biyo baya, har da kisan malaman garin, mutanen Agadas ba su manta ba. Mai zanen da ya iya fitar da maɓallin rigar soja a kan darma mai tsawon gaɓar yatsa, ba zai ce mini fuskar Kawsan ta fi ƙarfinsa ba.

Kuma mai neman abin ginawa na wancan zamani bai rasa na gaske. A 28 ga Oktoba 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu taya a gaba da sarƙa a baya, suka tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, suka keto hamada, suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram kafin su nufi tafkin Cadi. Tare da su akwai mai zane Alexandre Iacovleff da mai ɗaukar silima Léon Poirier, wanda silimarsa ta fito a 1926. Masu ginin tebur sun san waɗannan motoci sarai, suna ƙera su har da gangunan mai da kayan da aka ɗaure a baya. Zauruka da zankwayen gidajen da motocin suka tsaya a ƙofarsu suna nan cikin hotunan tafiyar, kuma a awon kashi ɗaya cikin 56, zauren da ya kai mita huɗu santimita bakwai ne kacal na kumfa da farar ƙasa.