Tsibirin Bali: Baƙi miliyan shida, amma kuɗin motar bas ya gagara

Ranar 1 ga Janairun 2025, motocin bas na Trans Metro Dewata, waɗanda ke jigilar jama'a a birnin Denpasar da kewayensa a tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya, suka daina fita aiki. Ba yajin aiki direbobi suka shiga ba, ba kuma lalacewa motocin suka yi ba. Tallafin da Ma'aikatar Sufuri ta gwamnatin tarayya da ke Jakarta take bayarwa ne ya zo ƙarshe, gwamnatin lardin Bali kuwa ba ta tanadi abin da za ta maye gurbinsa da shi ba. Motoci sama da ɗari suka zauna a gareji fiye da wata uku, sai a watan Afrilu suka dawo kan hanya, bayan da lardin da ƙananan hukumomin yankin suka amince su yi karo-karo.

Wannan ya faru ne a tsibirin da ya karɓi baƙi 'yan ƙasashen waje kimanin miliyan 6.3 a shekarar 2024, adadin da ya zarce yawan mazauna tsibirin, waɗanda ba su kai miliyan huɗu da rabi ba. Duk mai son fahimtar dalilin da ya sa zagaya Bali a motar bas yake da wuya ga baƙo, daga wannan lamari ya kamata ya fara.

A takarda, tsarin yana da kyau. An ƙaddamar da Trans Metro Dewata a watan Satumban 2020 ƙarƙashin wani shiri na tarayya wanda gwamnati ke biyan kamfanin sufuri gwargwadon nisan da motocinsa suka yi, ko sun cika da fasinja ko ba su cika ba. Da farko kyauta ake shiga, sai a ƙarshen 2022 aka sanya kuɗin mota rupiya 4,400, abin da bai kai rabin dalar Amurka ba. Motocin suna da na'urar sanyaya iska, suna da tashoshin tsayawa sanannu, kuma layukansu sun haɗa filin jirgin sama na Ngurah Rai da Kuta da Sanur da tashar Ubung da garin Ubud. Baƙon da ya sauka daga jirgi zai iya kaiwa Ubud da ɗan canjin da bai taka kara ya karya ba, tafiyar da mai tasi zai caje shi rupiya dubu ɗaruruwa.

A aikace kuwa, sai mai haƙuri. Babu kwandasta mai karɓar tsabar kuɗi. Da katin banki na musamman ko lambar da ake ɗauka da waya ake biya, kuma baƙon da bai daɗe da sauka ba sau da yawa ba shi da ko ɗaya. Sai ya sauya mota a tsakiyar Denpasar kafin ya kama hanyar Ubud. Motocin suna tashi daga aiki da farkon dare, daidai lokacin da harkar gidajen abinci da wuraren shaƙatawa ke kankama. Unguwar Canggu, wadda baƙi suka fi tururuwa zuwa cikinta a 'yan shekarun nan, layin bas ɗin bai ratsa ta ba. Mafi muni, ba a ware wa bas nata layin a kan titi ba, don haka cunkoson da ya tsare ƙaramar mota shi ne zai tsare ta, alhali mai babur yana kurɗawa ya wuce.

Babur ɗin nan shi ne tushen labarin. A da, ƙananan motocin haya da ake kira bemo su ne ƙafar talakan Bali, suna haɗa kasuwa da ƙauye. Da sayen babur a kan bashi ya yi sauƙi, kowane gida ya mallaki nasa, fasinja ya janye, bemo ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa. A yau ababen hawan da aka yi wa rajista a Bali sun fi mutanen tsibirin yawa, kuma mafi rinjayensu babura ne. Motar bas ta dawo ne cikin al'ummar da ta riga ta saba da rashinta. Haka ya faru da Trans Sarbagita da gwamnatin lardi ta fara a 2011, wadda ba ta taɓa samun fasinjan da aka yi tsammani ba.

Akwai kuma waɗanda abincinsu ke cikin wannan giɓi, kuma ba adalci ba ne a kira su 'yan tsare hanya kawai. Dubban magidanta suna ciyar da iyali ne da ɗaukar baƙi shata na wuni guda, ko ba su hayar babur. A wurare irin su Ubud da Canggu, ƙungiyoyin direbobin unguwa sun kafa alluna suna hana motoci da 'yan acaɓa masu aiki da manhajojin Grab da Gojek ɗaukar fasinja a yankinsu. A watan Janairun 2025, wato watan da bas ɗin ta tsaya, direbobin masu yawon buɗe ido sun yi zanga-zanga a majalisar dokokin lardin suna neman a taƙaita yawan motocin manhaja. Ɗan siyasar da zai kawo bas mai araha har ƙofar otal ya san ƙuri'ar wa yake taɓawa. Ma'aikaciyar otal da ɗalibi da tsohon da ba ya iya hawa babur, waɗanda su ne ainihin fasinjojin bas, ba su da ƙungiya mai irin wannan ƙarfi.

Illar ta fito fili a ranar 29 ga Disamban 2023, lokacin da cunkoso ya toshe hanyoyin filin jirgin sama har baƙi suka sauka daga motoci, suka ja jakunkunansu a ƙafa a kan babban titi don kada jirgi ya bar su. Hotunan sun zagaya duniya, kuma sun kunyata hukumomi fiye da duk wani rahoton masana.

Martanin da ya biyo baya shi ne abin dubawa. Daga 14 ga Fabrairun 2024 aka fara karɓar harajin rupiya 150,000 daga kowane baƙo ɗan ƙasar waje, amma an keɓe kuɗin ne domin kare al'adu da muhalli, kuma a shekarar farko waɗanda suka biya ba su kai rabin baƙin ba. A watan Satumban wannan shekara aka aza harsashin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da zai tashi daga filin jirgi zuwa Kuta da Seminyak, aikin da aka ƙiyasta zai ci biliyoyin daloli na masu zuba jari. Wata huɗu bayan wannan biki ne bas ta tsaya saboda kuɗin da bai kai ko kusa da haka ba. Aza harsashi yana da ɗaukar ido da tarin 'yan jarida. Biyan kuɗin mai da albashin direba kowane wata ba ya fitowa a shafin farko.

A ganina, kuskure ne a ɗauki bas ɗin Bali a matsayin hidimar baƙi. Baƙo yana shiga bas ne a inda mutanen gari suka riƙe ta, har ta zama mai zuwa kowane 'yan mintoci, mai aiki har dare, wadda kowane mai shago zai iya kwatanta masa tasharta. Dakatarwar wata uku ta koya wa ma'aikacin Denpasar cewa kada ya sayar da baburinsa, domin motar da ta tsaya sau ɗaya za ta iya sake tsayawa. Yarjejeniyar karo-karon da ta dawo da ita kuma ta rataya ne a kan kasafin kuɗin lardi da na ƙananan hukumomi, wanda ake sabuntawa shekara-shekara, kuma kowace majalisa tana da ikon rage kasonta.