Biba da Laifin da Ba Nata Ba

Biba dabba ce dangin ɓera da gafiya, wato masu gwaguya, wadda asalin mazauninta koguna ne da ƙoramun Amurka ta Arewa da Turai da Asiya, kuma nauyin babbarta yakan kai kilo 30. Haƙoranta na gaba launin ruwan goro ne saboda sinadarin ƙarfen da ke jikinsu, kuma da yake ba sa daina tsiro muddin tana raye, sai ta riƙa gwaguyar gindin itace har ya faɗi, ta jawo rassansa ta haɗa da laka da duwatsu ta datse ruwa, sannan ta gina ɗakinta a tsakiyar tafkin, ta bar ƙofarsa a ƙarƙashin ruwa inda kyarkeci ba zai iya bin ta ba. In ta hangi maƙiyi, sai ta maka faffaɗar wutsiyarta a kan ruwa, iyalinta su nutse.

Ana yaba mata wannan himma, kuma Kanada ta ɗauke ta a matsayin alamar ƙasa a 1975, ko da yake karramawar ta zo ne bayan an shafe ƙarnuka ana karkashe ta domin gashinta, wanda ake yi wa attajiran Turai huluna da shi.

Kwaɗayin gashin nan ne kuma ya sa hukumomin Ajantina suka kai wasu 'yan tsiraru daga Kanada zuwa tsibirin Tierra del Fuego a 1946. Kasuwar ba ta kankama ba, amma dabbobin suka hayayyafa, domin babu mai farautarsu a can, kuma itatuwan tsibirin, saɓanin na mahaifarsu, akasari ba sa tohowa bayan sara, ba sa kuma jure kwanciyar ruwa, har dazuzzuka suka koma fadamu cike da busassun kututture. Yanzu annoba ake ce mata. To, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma a nan warin ya fi satar yawa, tun da biba ba ta canza hali ba, ba ta kuma sayi tikitin jirgi ba. Abin da ake yaba mata a Kanada shi take yi a tsibirin. A 2008 Ajantina da Chile, masu mallakar tsibirin, suka rattaba hannu kan yarjejeniyar kawar da ita, hukuncin ya faɗa kan wadda aka ɗauko aka kawo.