Jujuma: takardar da muka kashe da hannunmu

Duk wanda ya taɓa haɗa dosiyen biza, na karatu ne, ko na bin miji, ko na zama ƙasar waje, ya san inda gizo ke saƙa. Tambaya ce guda: yaushe aka haife ka, a ina, wa ya shaida? Ɗan Nijar mai shekara 40 da ɗoriya sai ya tsaya susar ƙeya, don abin da uwarsa ta riƙe shi ne an haife shi da kaka, shekarar El-Buhari. Ba ta yi ƙarya ba, 1984 ke nan. Amma ma'aikacin ambasada bai san yunwa tana da suna ba, lamba yake so da hatimi.

Laifin wa? Nasara ya iya ƙirga kawunan mutane gida-gida don karɓar lanho, waɗanda suka gaje shi a 1960 su ma ba su taɓa ɓatan hanyar ƙauye ba in lokacin kuɗin kai ya zo. Rubuta jariri ne ya gagare su. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna yara ƴan ƙasa da shekara 5 kashi 32 cikin 100 kawai aka yi wa rajista. A 2012 aka kai 64. Manyan yau kuwa, da yawansu sai ranar shiga lakkol aka dubi tsawonsu da haƙoransu aka yanka musu shekara, daga baya aka liƙa musu 1 ga Janairu. Shugabannin ƙasa biyu a jere, Mahamadu Isufu da Mohamed Bazum, takardunsu wannan rana suka nuna, ɗaya 1952, ɗaya 1960. Ai kuwa ba aikin ungozoma ba ne ya sa rabin gari ke haihuwa rana ɗaya.

Doka ta buɗe ƙofa ga wanda aka manta: ya je gaban alƙali da shaidu biyu, a yanke masa hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, wato jujuma. Hanya ce mai kyau. Mu muka lalata ta. Wa bai san shaidun bakin ƙofar shari'a ba, waɗanda a kan ƴan daloli za su rantse sun ci naman sunan wanda ya girme su? Kuma kada mu ɗora wa talaka. Ma'aikacin da ya rage shekara 5 don ya jinkirta ranar barin aiki, da alhajin kasuwa da ya sake wa ɗansa jujuma don ya koma jarabawar da shekaru suka hana shi, su ne suka zubar da darajar takardar. Mutum ɗaya, haihuwa uku, garuruwa biyu! Wake ɗaya ke ɓata gari, balle an zuba da tiya.

Can waje sun lura. Aya ta 47 ta dokar farar hula ta Faransa ta yarda da takardar haihuwar wata ƙasa, sai fa in an ga alamar ba daidai take ba, kuma wannan "sai fa" ta zama sandar dukan mai gaskiya da maƙaryaci gaba ɗaya. A 2007 majalisarsu har ta amince da gwajin ADN ga iyalan da ke son bin nasu, abin da ministansu ya ƙi zartarwa a 2009. Jinin uwa da ɗanta aka so a auna don ba a yarda da alƙalanmu ba. Wannan wulaƙanci ne, amma mu muka miƙa wuƙar.

Ita Amurka, ƙa'idarta a rubuce take: in babu takardar haihuwa, a kawo shaidar hukuma cewa babu, sannan rajistar makaranta ko ta wurin ibada, in su ma babu, rantsuwar mutum biyu da suka san haihuwar da kansu. Abin da ya kamata kotunanmu su yi ke nan tun farko. Limamin da ya raɗa suna, maigari, gwaggon da ta yi wankan jego, littafin lakkol, katin rigakafi: shaidu ne na gaske, suna nan kuma, ba a tambayar su don shaidar haya ta fi sauri.

Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa. Mu da muke tara gari rana ta 7 a yanka rago, me ya hana a rubuta yaron kafin a raba goro? A ajiye littafi hannun maigari, a biya mai rubutun haƙƙinsa kan kari. Wanda ya zo neman jujuma ta biyu a tambaye shi ina ta farko, shaidan da aka gani sau 10 cikin wata ɗaya kuma alƙali ya tsare shi ya faɗi sunan ungozomar.