Masoyin da Ba a Isa a Ce wa A'a Ba

Duk wanda ka tara da zancen littattafan soyayyar nan masu dogon zango, waɗanda ake haɗa mace da aljani, ko mashayin jini, ko mutum mai rikiɗa ya koma kerkeci, amsarsa a bakinsa take: batsa ce, shirme ne, a hana. Mai wa'azi ya faɗa, uba ya faɗa a zaure, ɗan bokon da yake ganin ya fi ƙarfin karanta su ma ya taɓe baki ya faɗa. Ma'aunin kowa ɗaya ne, wato a shafi nawa aka tuɓe kaya. Ni kuwa ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Littattafan suna da cuta, mai tsanani ma kuwa, amma ba a wurin da ake ta shafa magani take ba.

A gwada wannan ma'auni a kan Twilight, littattafai huɗu da Ba'amurkiya Stephenie Meyer ta fitar daga 2005 zuwa 2008, aka sayar da sama da kwafi miliyan 100. Mai ƙirga tsiraici zai ba shi takardar shaidar tsarki, domin jaruman labarin, Edward da Bella, ba su kusanci juna ba sai a littafi na huɗu, bayan an ɗaura aure. To amma wane ne Edward? Tsoho ne da ya haura shekara 100 a cikin jikin saurayi, yarinyar kuma shekararta 17. Yakan shiga ɗakinta da dare ba da saninta ba, ya tsaya yana kallonta tana barci. A littafi na uku ya taɓa injin motarta don kada ta je wurin wani abokinta. Duk wannan an rubuta shi ne a matsayin tsananin so. Littafi mai tsabta ke nan a idon masu tacewa, alhali yana koya wa yarinya cewa wanda ya hana ta fita shi ne wanda ya fi ƙaunarta.

Asalin cutar ita ce dabarar nan ta abokiyar rayuwa da aka ƙaddara. Christine Feehan ta gina jerin littattafai sama da 30 a kanta, tun daga Dark Prince na 1999. A duniyar da ta ƙirƙira, namiji yakan yi ɗaruruwan shekaru a raye, idonsa ya daina ganin launi, zuciyarsa ta daina jin komai, har sai ya gamu da mace guda tilo da aka halitta dominsa. In bai same ta ba, yana iya komawa dodo mai kisa. In ya same ta, akwai kalmomin da zai furta su ɗaure ta da shi har abada. Dubi kayan da aka ɗora wa matar: in ta ƙi, ta halaka shi, ta kuma jawo wa bayin Allah bala'i. Laurell K. Hamilton ta bi ta wata ƙofar. Jarumarta Anita Blake ta fara a 1993 a matsayin mace mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke taya 'yan sanda bincike. Daga littafi na 10, a 2001, sai marubuciyar ta jefa mata wata larurar sihiri wadda dole sai ta kwanta da namiji take lafawa. Daga nan binciken ya yi ta ƙanƙancewa, gado ya cinye labari. Abin da ya fi damuna shi ne yardar matar ta tashi daga aiki, tunda sihiri ya riga ya yanke hukunci.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Mun san yarinyar da aka ce wa ta yi haƙuri, haka Allah ya rubuta mata, alhali wanda ya rubuta ɗin yana zaune a zaure yana ƙirga sadaki. Abin da Balaraba Ramat Yakubu ta yaƙa ke nan a littafinta Wa Zai Auri Jahila? tun 1990, kuma adabin kasuwar Kano ya yi shekaru yana kai wa auren dole sara. Yau kuwa buɗe labaran da ke yawo a WhatsApp da Wattpad da Hausa, ka ga yadda auren dolen ya dawo da sabuwar riga. Yariman aljanu ya ga yarinya tun tana zanen goyo, ya kore mata duk manemi, yana zuwa mata a mafarki. A unguwa, wadda wannan ya sama sai a ce namijin dare ne, a kai ta wurin masu ruƙiyya, uwarta na kuka. A cikin labari kuwa an ba shi farar fata da dogon hanci da fada ta zinariya, ita kuma bayan ta gama koke-kokenta sai ta gane ashe tun farko shi take so. Cire duk wata batsa daga irin wannan labari, ka sa jarumar ta yi salla a kowane babi, dafin yana nan daram.

Ban ce a miƙa wa 'yar shekara 13 littafin da aka rubuta don matan aure ba. Iyaye suna da haƙƙin sa ido, marubuta kuma suna da alhakin abin da suka watsa inda yara ke gani. Amma wanda ya tsaya a nan ya rufe bakinsa bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa miliyoyin mata, daga Amurka har Kano, suke raba dare a kan waɗannan littattafai ba. Ba dukansu ne marasa hankali ba. A nan ne mace take karanta labarin da ita ce tsakiyarsa, inda abin da ranta yake so ba abin kunya ba ne, inda namiji mai ƙarfin tsaga dutse yake zama ya saurari maganarta. Matar da mijinta bai taɓa tambayarta yadda ta wuni ba, kada ka yi mamaki in ta nemi aljanin da zai tambaya.

Kuma a cikinsu akwai na kirki, waɗanda suka san abin da ake yi da sihiri a labari. Nalini Singh ta ƙasar Niyu Zilan ta fara jerin Psy-Changeling a 2006 da wata al'umma da ta horar da 'ya'yanta su kashe so da fushi da tausayi don a zauna lafiya. Jarumar farko tana ɓoye cewa zuciyarta na ji, domin in aka gane za a shafe mata tunani. Duk wanda ya tashi a gidan da ba a nuna ƙauna a fili zai ga kansa a ciki. Charlaine Harris kuma, a littattafai 13 na Sookie Stackhouse, ta riƙe tsohuwar ƙa'idar nan cewa mashayin jini ba ya shiga gida sai an gayyace shi, ta kuma ba jarumarta ikon janye gayyatar. Sookie, ma'aikaciyar mashaya ce kawai a wani ƙaramin gari na Luwiziyana, amma da ta buɗe baki ta ce ta janye, ƙaton da ya shekara 1,000 a duniya dole ya fice mata daga ɗaki. Da jerin ya ƙare a 2013, Sookie ta bar mashaya jinin ta zaɓi Sam, mai sauƙin hali. Wasu makaranta suka yi ta aika wa marubuciyar zagi har da barazana. Wannan fushin ya nuna irin nisan da cutar ta yi: an saba musu da mai danniya har suna ganin mai mutunci bai isa miji ba.

Sai rauni na biyu, wanda kasuwa ce ta haife shi. Labarin soyayya yana da iyaka: an haɗu, an sha wuya, an daidaita. Amma manhajoji irin su Dreame da GoodNovel babi-babi suke sayarwa, kuma namu na gida ma sun koyi salon: shafukan kyauta su ja ki, a daidai inda numfashi ya tsaya a ce littafin kuɗi ne, tura kaza a sa ki a rukuni. Marubuciyar da cin abincinta ya dogara da kada labari ya ƙare, me za ta yi? Ta sa a sace jaruma karo na uku, ta fito da kishiyar aljana daga ƙarƙashin teku, ta ƙara yaji a shimfiɗa tunda shi ne ba ya buƙatar tunani. Yawancin batsar da ake kuka da ita daga nan take fitowa, ciko ce ta labarin da ya mutu tun babi na 40 aka ƙi binne shi.

Hani kuwa mun gwada shi. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an cinna wa littattafan soyayya wuta a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, Hukumar Tace Fina-finai ta kuma matsa wa marubuta lamba. Waɗancan littattafan takarda ne, da sunan marubuci a bango, ana iya zuwa kasuwa a same shi. Yau labarin yana cikin waya, a ƙarƙashin bargo, da sunan aro, ya kuma fi na da zafi nesa ba kusa ba. Babu ashanar da za ta kai can.

Abin da ya rage shi ne aikin da muka daɗe muna gudu, wato karantawa da yin sharhi na gaskiya. Malaman adabi a jami'o'inmu, ƙungiyoyin marubuta, da yayyen da ƙannensu ke karɓar wayarsu, su daina tambayar ko akwai batsa kaɗai. Su tambaya: jarumar nan, in ta ce ba ta so, labarin zai bar ta ta tafi? In amsar a'a ce, littafin ya faɗi, ko da kowa a cikinsa sanye yake da hijabi har ƙasa. Marubuciyar da ta iya ƙirƙiro birni guda a ƙarƙashin ruwa ba za ta kasa ƙirƙiro aljanin da ke yin sallama a ƙofa ya jira izini ba.