A Kalli Aiki Kafin A Sake Shi

Malaman makarantunmu da yawa yanzu suna ɗaukar darasi da wayar hannu, su tace shi da manhaja irin su CapCut ko Adobe Premiere Pro, su aika wa yara da iyayensu. Wannan himma abin yabo ce. Amma akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare, watau malami ya dogara da abin da ya gani a ƙaramar tagar gwaji, ya saki aiki ba tare da ya zauna ya kalli na ƙarshe ba.

Abin da tagar gwaji ke nunawa daftari ne kawai. Domin kada na'ura ta yi nauyi, sai ta rage kyan hoton zuwa rabi ko rubu'i, wani lokaci ma ta tsallake waɗansu hotuna. Aikin gaske shi ne wanda masu sana'a ke kira rendarin, inda na'ura ke bin hotuna ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora rubutu da sauti, ta dunƙule su wuri guda. Waya kan ɗauki hotuna 30 a daƙiƙa ɗaya, ke nan darasin minti goma hotuna 18,000 ne. A cikin Premiere har jan layi kan fito a sama, alamar wurin bai dahu ba, sai an yi masa rendarin ya koma kore. Akawunan En'e na dā sun san irin wannan. Kuskuren da ya shiga sitansil, in aka ɗora shi a injin Gestetner, ya shiga kowace takarda ke nan.

To, mu ɗauki Illela, garin iyaka da ke arewacin Sakkwato, daura da Birnin Ƙonni ta Nijar. An rufe iyakar a 2019, aka buɗe a Disamban 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, amma saƙon WhatsApp bai taɓa tsayawa wurin kwastan ba. Darasin da aka saki a Illela da safe yana iya kwana a Ƙonni, ba kuwa mai iya kiransa ya dawo. A zamanin majigi akwai mai bayani tsaye da lasifika kusa da allo, in jama'a sun ruɗe ya warware musu. Hoton waya shi kaɗai yake tafiya.

Kurakuran da muka fi tsoro na harshe ne. Malami ya rubuta ƙasa da baƙi a kwamfutarsa, ya kai aikin shago a fitar masa. In kwamfutar shagon ba ta da irin rubutun da ya zaɓa, sai ta musanya da wani, haruffa masu lanƙwasa su koma akwatuna ko su ɓace. Yaron aji biyu da ke koyon bambanta ƙ da k, me aka koya masa? Haka kuma hoton waya ba kullum yake tafiya da gudu ɗaya ba, saboda haka a dogon darasi baki kan riga murya. Sa'an nan WhatsApp yakan matse hoto domin rage nauyi, ƙananan rubutu su dushe.

Mun san uzurin, lantarki ba tabbas, rendarin kuwa yana cin lokaci da batir. Uzuri ne na gaskiya, amma yana da magani. A fara fitar da minti ɗaya daga wurin da rubutu ya fi yawa, a aika wa wani abokin aiki, a duba a ƙaramar waya mai araha irin wadda ke hannun iyayen yara. In ya fita, a fitar da sauran, a kalla tun daga farko har ƙarshe. Muna roƙon hedimastoci kada su yarda a saki darasi da sunan makaranta sai malami na biyu ya kalle shi ya sa hannu, kwalejojin horon malamai kuma su sa wannan cikin gwajin koyarwa.